Shekarun Da Manja Ya Yi Wuya A Sabon Gari

 

A makon jiya na yi muku alkawarin za mu yi zancen yaye, to, sai ku yi mini gafara, na ɗaga shi zuwa gaba. Dalili kuwa wata takarda ce da wata 'yar makaranta ta aiko mini daga Samaru. Ta ce malaminsu ya koya musu labarin yaƙin basasar Nijeriya, ta haddace ranaku da sunayen hafsoshi sarai, amma har yanzu ba ta ga inda abin ya shafi mace ba, balle macen Zariya, tun da ya ke ba a gwabza a nan ba. Ta ce ko dai a haddace ne kurum don jarrabawa?

'Yata, kin yi tambaya mai kyau. Gaskiya ne ba a ja daga a Zariya ba, fagen fama yana can Kudu, ɗaruruwan mil daga nan. Amma shi yaƙi ƙafa biyu gare shi, ɗaya a fagen fama, ɗaya a kasuwa, ta biyun nan kuwa ta tako har cikin madafin kakarki. Ajiye littafin hadda tukuna, ki biyo ni Sabon Gari.

Jirgin ƙasa ne ya haifi Sabon Gari. Sa'ad da reluwe ta ratsa Zariya ta kai Kano a 1911, sai aka keɓe fili a hayin Kubanni, kusa da tasha, don ma'aikatan jirgi da akawuna da 'yan kasuwa waɗanda suka zo daga Kudu. Kamfanonin Turawa irin su Jan Holt suka kafa kantuna da ɗakunan ajiya a bakin layi, aka kuma gina gidan gurzar auduga. A 1929 wani reshen jirgi ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau har Ƙaura Namoda, ya zama gyaɗa da audugar yammacin nan duk ta Zariya su ke biyowa. Daga Kaduna kuwa hanya ta rabu biyu. Ɗaya ta bi ta Minna da Jabba da Ibadan ta kai Ikko, ɗaya ta bi ta Kafancan da Makurɗi da Inugu ta kai Fatakwal. Ku riƙe wannan da kyau: a zamanin nan Arewa ƙofa biyu gare ta zuwa teku.

Ita kuma Samaru aikinta iri ne. A 1922 aka kafa gonar gwaji a can, a 1962 ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Daga nan aka fid da irin gyaɗar da a ke kira Samaru 38, da irin auduga Samaru 26J, aka baza wa manoma. Manomi ya shuka, da kaka ya kai wa ɗan baranda, ɗan baranda ya kai wa ejan mai lasin, shi kuma ya auna ya saya da sunan Hukumar Cinikin Amfanin Gona ta Arewa, wadda aka kafa a 1954. Ita ce ke yanka farashi kafin a buɗe ciniki, ita ce ke loda kaya a tarago, ta sayar a ƙasashen Turai. A kakar 1966 zuwa 1967 gyaɗar da ta saya ta ɗara tan miliyan 1. Dalar gyaɗar Kano da ku ke gani a hoto, ba ado aka yi ta don shi ba, buhuna ne ke jiran jirgi.

Wannan shi ne cinikin da Gwamnati ta sani, ta ke rubutawa a littafi. Akwai kuwa wani na biyu wanda ba shi da hukuma, ba shi da akawu, shi ne na tukunya. Daga nan a kan gangara da wake, da albasa, da barkono, da busasshen kifi, da shanu. Daga can a hauro da manja, da garin rogo, da lemo, da goro daga ƙasar Yarabawa. Yawancin cinikin nan bisa amana a ke yinsa. Mai manja a Sabon Gari ta ba ki garwa bashi, ki sayar da kwalba-kwalba a cikin gida ta hannun 'yar talla, in kuɗi sun taru ki aika mata. Ita ma bashi ta karɓo daga wani a Aba ko Anacha. Ba takarda, ba shaida, sai sanayya ta shekara da shekaru.

Amanar nan ita ta fara mutuwa, tun ba a harba harsashin farko na yaƙi ba. A watan Mayu 1966, bayan da Janar Ironsi ya yi dokar soke jihohi huɗu na lokacin, tarzoma ta tashi a garuruwan Arewa, har da Zariya. A watan Satumba da Oktoba ta sake tashi, ta fi ta farko muni. Aka kashe dubban 'yan Gabas, yawancinsu Ibo, a cikinsu har da mata da yara waɗanda ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Waɗanda suka tsira suka cika taragu suka tafi. Ba zan ɓoye muku wannan don ku yara ne ba, gama abin kunya ne da ya faru a garinmu, kuma wanda bai san shi ba ba zai gane sauran labarin ba. A can Gabas ma an taɓa 'yan Arewa, sa'an nan Gwamna Ojukwu ya ce duk wanda ba ɗan jihar ba ya fita, Hausawan Anacha da Inugu da Aba da Fatakwal, mahauta da fatake da dillalan shanu, suka kwaso abin da ya sawwaƙa suka dawo. Cikin 'yan makonni hannuwan da ke riƙe da igiyar ciniki, wannan bakin da wancan, duk suka saki.

Kakata ta wajen uwa tana cikin masu karɓar manja bashi a wajen wata mata Ibo a kasuwar Sabon Gari. Ranar da matar ta gudu tana bin ta sule 12. Ta ƙulle su a tsumma, ta sa a ƙarƙashin kwanukan jerenta, ta ce ba nata ba ne. Zan dawo kan kuɗin nan.

Ran 30 ga Mayu 1967 Gabas ta ɓalle ta kira kanta Biyafara, ran 6 ga Yuli aka fara yaƙi. Gwamnatin Tarayya ta yi wa Gabas ƙawanya ta ƙasa da ta ruwa, ba shiga ba fita. Ƙofa ɗaya daga cikin biyun nan ta rufe ke nan, duk kayan Arewa sai ta Ikko. Ba kuwa nan abin ya tsaya ba. Da yawa daga direbobin jirgi da makanikai da masu kula da tasha 'yan Gabas ne, sun tafi. Gowon da kansa ya yi kuka a jawabinsa na 27 ga Mayu 1967, ranar da ya ƙirƙiro jihohi 12, cewa an riƙe wajen sulusin taragun reluwe a Gabas. Kwal ɗin da kan jirgi ke ci daga Inugu a ke haƙo shi, sai da aka buɗe wani ramin a Okaba. Matatar mai guda ɗaya tak ke akwai a ƙasar a lokacin, wadda aka buɗe a 1965 kusa da Fatakwal, daga can kananzir ɗin fitila ke fitowa a zamanin nan. Tsofaffin Sabon Gari sun sha faɗi cewa abu uku suka fara gaya wa mace an shiga wani hali: manja, da kananzir, da garin rogo.

To, me aka kare, me aka bari? Nan ne na ke so ku buɗe ido. Gyaɗa da auduga Gwamnati ba ta yi wasa da su ba, gama a farkon yaƙin haƙar man fetur ta durƙushe, da kuɗin gyaɗa da koko a ke sayen makamai. Aka tsare gadar Jabba, aka koya wa sababbin ma'aikata tuƙin jirgi da gaggawa, abin da jirgi ya kasa ɗauka aka ɗora wa manyan motoci. Auduga ma kasuwarta ta buɗe, don an taƙaita shigo da yadi daga waje, masaƙun Kaduna, waɗanda na farkonsu ya fara aiki a 1957, suka riƙa cinye ta. Amma kare gyaɗa dabam, kare mai gyaɗa dabam. Hukumar ciniki ta rage farashin da ta ke biyan manomi a tsakiyar yaƙin, watau shi ma ya biya rabonsa na yaƙi ba tare da an shawarce shi ba. Manoman bakin iyaka da suka ga haka suka riƙa tsallakawa da tasu Nijar, wajen Maraɗi, inda ta fi daraja. Na cikin ƙasa kuwa da yawa suka ga gara a sayar wa mata a gida da a kai fuloti. Mai ƙuli-ƙuli ta soya, ta matse mai, aka zuba a miya a madadin manja.

Kada ku raina wannan. A farkon shekarun 1970 wata Ba'amurkiya, Emmy Simmons, wadda ke aikin bincike a Samaru, ta bi gidaje a waɗansu ƙauyukan Zazzau, ta tarar kusan kowace matar aure tana da sana'a, yawanci ta sarrafa abinci: fura, da ƙosai, da daddawa, da man gyaɗa, da dafaffen abinci na sayarwa. Kafin ita, a 1966 da 1967, wani Bature David Norman ya auna gonakin Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi, ya ga manominmu yana haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya, yana fara cika rumbu kafin ya waiwayi abin sayarwa. A da waɗansu masana suna ganin wannan rashin wayewa ne, shi kuwa ya nuna da lissafi dabara ce. A ganina abu biyun nan, rumbun maigida da sana'ar uwargida, su ne suka tsare ƙasar Zazzau daga yunwa a shekarun nan, ba wata hukuma ba. Ba wanda ya ba su lambar girma.

Sai zancen soja. Ba a ci Zariya da yaƙi ba, amma ta cika da masu kaki, don barikin horon kurata, wanda a ke kira Dafo, yana nan kusa da Sabon Gari tun 1924. Kafin yaƙi sojan Nijeriya duka wajen dubu 10 ne, ya zuwa ƙarshensa sun kai wajen dubu 250. Ku duba yawan bakin da za a ciyar, yawancinsu kuwa samari ne da aka ɗebo daga gona. 'Yan kwangila suka shiga kasuwanni suna kwasar wake da shinkafa da shanu, waɗansu suka yi kuɗin da ba su taɓa mafarki ba, mai cefanen sule guda kuwa ta ga mudu yana hawa. Har a 1970 sai da Gwamnati ta kafa hukumar ƙayyade farashi.

Soja a kasuwa in ya biya, babu abokin ciniki kamarsa, gama yana saye da yawa, ba ya kuwa tsayawa dogon taya. In ya ɗauka bai biya ba, ko sau ɗaya ne, ba mai kayan kaɗai ya cuta ba. Labari zai kai ƙauye kafin magariba, ranar kasuwa ta gaba mai albasa ba zai ɗora wa jakinsa kaya ba, mai dawa zai ce a bari tukuna a gani. Hatsi yana nan a rumbu, mil biyar daga gari, gari kuwa yana kwana da yunwa. Haka kuma shingen kan hanya. An kafa shi don binciken makamai, amma duk inda direba ya miƙa hannu kafin a ɗaga masa sanda, kuɗin nan a kan mudunki za a fanshe su.

Shugabannin sun san haka. A 1967 Gowon ya fid da takardar ƙa'idodi ga mayaƙansa, ya hana kwasar ganima da taɓa farar hula, musamman mata da yara. Mu kuwa Musulmi mun riga mun san wasiyyar da Sayyidina Abubakar, Allah ya ƙara masa yarda, ya yi wa rundunar da ya aika Sham, inda ya hana kashe mata da yara da tsofaffi, ya hana sare itace mai 'ya'ya, ya hana yanka dabba sai don ci. Rubuta doka abu ne mai sauƙi. Kiyaye ta a hannun yaro mai bindiga wanda ya kwana bai ci ba, shi ne aiki, ba kullum aka kiyaye ta ba kuwa. A Asaba, a watan Oktoba 1967, sojan Tarayya sun kashe ɗaruruwan maza farar hula. Garin da aka yi wa haka, wa zai fito da kaya kasuwa?

Yanzu bari mu tsallaka can inda mulkin bindiga ya sauka sosai. Ran 9 ga Agusta 1967 sojan Biyafara suka haye Kwara suka mamaye Jihar Tsakiyar Yamma, har suka kai Ore, suka riƙe Binin sai ran 20 ga Satumba da rundunar Murtala Muhammed ta ƙwace ta. Cikin mako shida mutanen wurin suka ga iyayengiji biyu. Daga nan garuruwan Gabas suka riƙa faɗawa hannun sojan Tarayya ɗaya bayan ɗaya: Inugu a Oktoba 1967, Anacha a Maris 1968, Abakaliki a Afrilu, Fatakwal a Mayu. Abakaliki ƙasar doya ce da shinkafa, bakin teku kuwa shi ke ba da kifi da gishiri. Ya zama miliyoyin mutane sun cunkushe a tsakiya, abinci yana wancan hayin, layin soja biyu suna tsakaninsu da shi. Jiragen sama suna jefa bom har a kasuwanni, sai aka mai da cin kasuwa cikin kurmi, ko da asuba kafin gari ya waye. Yara suka kamu da tamowa, irin wadda likitoci ke kira kwashiyoko, ciki ya kumbura, gashi ya yi ja. An ƙiyasta waɗanda suka mutu a yaƙin daga dubu 500 har zuwa miliyan 2, yawancinsu kuwa yunwa da cuta ne suka kashe su, ba harsashi ba.

Wa ya tsallake layin nan ya kawo abinci? Mata. Namiji in ya fito, wannan gefe ya kama shi ya sa masa kaki, wancan gefe ya ce ɗan leƙen asiri ne. Saboda haka matan Ibo suka ƙirƙiro wani fatauci da su ke kira afiya atak, watau kasuwar fagen fama. Su haɗu ƙungiya-ƙungiya, su bi hanyar kurmi da dare, waɗansu su haye kogi cikin kwalekwale, su shiga ƙasar da ke hannun sojan Tarayya, su sayo gishiri da kifi da abin da ya samu, su ɗauko a ka, tafiyar kwana da kwanaki. Waɗansu aka ƙwace musu kaya, waɗansu aka ci mutuncinsu, waɗansu ba su dawo ba. Waɗanda suka dawo ma ba su tsira daga bakin mutane ba, ana ce musu sun yi hulɗa da abokan gaba, alhali kuwa gishirin da suka ɗauko shi a ke sa wa a miyar mai zagin. Ku 'yan makaranta, in ana lissafa jarumawan yaƙi, ku tuna da waɗannan. Uwa ce kamar taku, ta ga ɗanta zai mutu ta ɗauki kwando.

Kuɗin da su ke ciniki da su ma abin lura ne. A watan Janairu 1968 Gwamnatin Tarayya ta canja takardun kuɗi cikin 'yan kwanaki, don ta kashe waɗanda ke hannun Biyafara. Biyafara ta buga nata, amma ba a karɓarsu a wancan hayin. Sulalla da kwabbai kuwa ba a canja su ba, sai suka zama su ne dukiya, da su matan nan ke sayayya. A nan Arewa ma canjin ya taɓa mata, don wadda ke cikin kulle, ta ɓoye 'yan takardunta ba ta so maigida ya sani, in ba ta sami amintaccen da za ta aika ba kafin wa'adi ya cika, sun zama takardar ƙunsa ƙosai. Sule 12 ɗin kakata na ƙarfe ne, canji bai taɓa su ba.

Aka gama yaƙi ran 15 ga Janairu 1970. Ba da jimawa ba Ibo suka fara komowa Sabon Gari, da yawa suka tarar da gidajensu, waɗansu har da kuɗin hayar da maƙwabta suka tara musu. Sun dawo hannu wofi, gama duk wanda ya yi ajiya da kuɗin Biyafara fam 20 aka ba shi, kome yawan abin da ya ke da shi. Da bashi da amana aka sake ɗaura igiyar. Kakata ta riƙa aika yaro rumfar masu manja yana tambaya, shekara biyu, ba wanda ya san inda matar ta ke. Da aka ce za a koma naira a 1973 ta aika aka tambayi malami, ya ce ta yi sadaka da kuɗin da niyyar mai su. Ta sayi hatsi ta bayar. Har ta rasu in ta ga manja sai ta ambace ta.

Duniya ta ɗauki darasi daga Biyafara, ko da ya ke a takarda ta fi ɗauka. A 1977 aka yi ƙari a kan yarjejeniyar Janiba ta 1949, aka hana sa farar hula yunwa da gangan ko a yaƙin cikin gida ne, aka hana lalata gonaki da amfanin gona da dabbobi da wuraren ruwan sha. A 2018 Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya sake jaddada haka. Duk da wannan, a watan Disamba 2023 mayaƙan RSF suka kama Wad Madani a Sudan, tsakiyar gonakin Jazira, inda dangimmu Hausawa da Fulani suka daɗe suna noma, suka riƙe garin har Janairu 2025. Aka wawashe rumbuna da motocin noma, manoma suka gudu, ƙasar da ke ciyar da Sudan ta koma neman taimako.

Kusa da gida ma mun gani, ko da ba da sunan yaƙin basasa ba. A 2015 hukumomin Nijar suka hana cinikin tattasai da kifi a Diffa, don an ce da harajinsu Boko Haram ke sayen makamai. Sai a 2017 aka saki tattasai. A 2021 Gwamnatin Jihar Kaduna ta dakatar da kasuwannin mako a waɗansu ƙananan hukumomi saboda 'yan bindiga, har da Giwa, wadda ke nan gaba da Samaru kaɗan, inda da yawa daga cikinku ke aikawa a auno masara. Ban ce masu yin haka ba su da hujja ba. Ɓarawon daji da hatsin kasuwa ya ke rayuwa, shi ma a nan ya ke sayar da shanun sata. Amma mai bindiga in an rufe kasuwa zai shiga ƙauye ya ɗiba da ƙarfi, ba zai kwana da yunwa ba. Wadda za ta kwana da ita ita ce bazawara mai 'ya'ya biyar da ke jiran ranar kasuwa ta sayar da daddawa. Ni dai a nawa ganin, hukumar da ke da sojan da za su rufe kasuwa, tana da sojan da za su tsare ta ta ci, su raka motocin hatsi, su bincika ba tare da miƙa hannu ba. In kuwa rufewar ta zama dole, a faɗi ranar buɗewa tun da fari, kada kuma a sa ta faɗo a kan kaka.

To, ke uwargida, mene ne naki a ciki? Ba ki da bindiga, ba ki da ofis, amma makullin ɗakin ajiya yana hannunki. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Da kaka, sa'ad da hatsi ke araha, ki matsa wa maigida a ajiye abin da zai kai gida damina, kada a sayar duka don biki ko sabon ɗinki. Iri kuwa a ware shi dabam, a ɗauka babu shi, gama gidan da ya cinye irinsa ya ci shekara biyu a tukunya ɗaya. Wake a shanya shi ya bushe ƙayau, a zuba a jarka ko duro mai murfi a toshe yadda iska ba za ta shiga ba, ko a buhun nan mai leda biyu a ciki, ƙwari za su mutu da kansu. Kada ki yarda a barbaɗa masa maganin feshin gona, an sha kwasar gida guda zuwa asibiti saboda haka. Adashinki kuma kada ki tara shi duka a takarda a ƙarƙashin katifa. Waɗanda suka ga canjin kuɗi na 1984 da na 2023 ba sa bukatar in yi musu bayani.

Amma fa ku rarrabe tanadi da ɓoyewa. Ajiye abincin iyalinki tanadi ne, ba laifi. Saye hatsin kasuwa a lokacin tsanani a kulle, ana jira mutane su galabaita kafin a fito da shi, wannan addini ya hana, ko miji ne ke yi ki gaya masa cikin ladabi. Mai sayarwa a cikin gida kuma kada ta bubbuge gindin mudu don ta ga an matsu. Abokiyar cinikinki kuwa, Bayaraba ce ko Ibo ko Bajju, ranar da gari ya rikice ki buɗe mata ƙofa. An sami waɗanda suka yi haka a Zariya a 1966, suka ɓoye maƙwabta a ɗakunan matansu har aka kai su tasha.

Ke kuma 'yata ta Samaru, ga aikin hutu na ba ki. Nemi tsohuwa a unguwarku wadda ta yi wayo kafin 1967, ki kai mata goro, ki zauna. Tambaye ta da wane mai a ke miya a shekarun yaƙi, nawa a ke sayar da mudun dawa kafin a fara da bayan an gama, wa ke kawo mata kaya daga Sabon Gari, ina kuma ya shiga. Ki rubuta da kyau, da sunan unguwa da shekarunta, ki nuna wa malaminku, sa'an nan ki aiko mini. Wadda ta fi kyau za mu buga ta a wannan fili. Ki yi sauri fa, gama masu ba da labarin suna ƙarewa.

Zancen yaye sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.